Minti Ukun Baban Sista

Shekararmu ta uku ke nan a unguwar Abu Hail a Dubai lokacin da Baban Sista ya sauka a gidanmu. Gida dai na ce, amma fulat ne mai ɗaki biyu da falo a hawa na uku, cikin wani tsohon bene da lif ɗinsa ke aiki ran da ya ga dama. Maigidana yana aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ta jirgi, a Al Sabkha, in ya fita da hantsi sai an yi isha. 'Yan biyuna mata suna makaranta har wajen la'asar. Ni kuwa wuni nake a gida, daga ni sai ƙugin na'urar sanyi.

Sista ce maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon tawa. Nas ce a wani ƙaramin asibiti wajen Al Rigga, Kirista, su huɗu ne a ɗaki ɗaya, kowacce da gadonta da labulenta. Ranar da muka fara haɗuwa a matakala na ji ta tana waya da Hausa, Hausa tas. Na tsaya da ledar cefanena har ta gama, na ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

Ta ce, "Daga Abuja."

Na yi dariya. "Ai kowa ma daga Abuja yake in an zo Dubai. Asalin garinku nake tambaya."

"Asalin nake gaya miki," in ji ta. "Abujar ce ta zo ta same mu."

Ban fahimce ta ba a ranar. Sai a hankali, da muka saba. In na yi tuwo da miyar kuka sai in ƙwanƙwasa mata, ita kuma ta riƙa auna min jini tana min faɗan gishiri. Maman biyu take ce min. A irin wannan zaman ne, tana cin tuwo a tsaye saboda motar asibiti, na ji labarin ƙauyensu guntu-guntu. Gbagyi ne su. Haka take faɗa, ni kuwa a raina Gwari nake cewa, domin da wannan sunan na tashi. Ta ce tana ƙarama, in ta hau dutsen bayan gidansu ba abin da take hange sai kunyoyin doya. Sai birni ya taho. Gonaki suka fara tafiya, sannan rafin da suke ɗiban ruwa, sannan aka zo ana shafa wa gidaje jan fenti. Aka kwashe yawancinsu zuwa wani sabon matsuguni mai nisa. Abin da ya rage 'yan gidaje ne a matse tsakanin katangun masu kuɗi, sai maƙabarta.

A can mahaifiyarta take kwance, a gindin dutsen, kusa da wata ɗorawa. Ranar da aka binne ta, mahaifinsu ya sa ƙafa ya auna fili a gefenta, ya ce wa 'ya'yansa nan ne nasa, kada a ba kowa. To yanzu an zo an kafa turaku a kewayen maƙabartar, an ce an ba wani wurin zai gina rukunin gidaje.

Wata ranar Talata ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce mutanensu sun zaɓi Baba ya je Turai. Akwai wani babban taro da ake yi can, inda 'yan asalin ƙasa daga ko'ina a duniya suke zuwa su faɗi kukansu a gaban wakilan gwamnatoci. Da ma shi tsohon hedimasta ne, shi yake rubuta musu duk takardun koke. Suna sa rai in duniya ta ji, za a ji kunya a janye turakun. Jirginsa ta Dubai zai bi, ta samo masa bizar kwana huɗu don ta gan shi, rabonta da shi shekara biyu. Sai dai ba ta da inda za ta ajiye shi. Ina za a kai dattijo cikin ɗakin 'yan mata huɗu?

Da na gaya wa maigidana, bai ko ɗago daga kwanon abinci ba. Ya ce, "Baƙonka annabinka. A shimfiɗa masa a falo."

Ɗan ƙaramin dattijo ne, baƙi, mai furfura tas, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya ƙi yarda kowa ya karɓa. Da ya zauna ya buɗe ta ya fito da doya biyu nannaɗe cikin jarida, ya ajiye a gabana da hannu biyu.

"'Yata, ki yi haƙuri da kaɗan. Kunya huɗu ce ta rage min a bayan ɗaki."

Na yi godiya. Doyar nan ɗaya na dafa, ɗaya kuwa na kasa taɓa ta har sai da ta fara tsiro a ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Mutum ne mai kiyaye gidan mutane. In ya ji kiran salla sai ya kashe talabijin da kansa, ya koma baranda ya tsaya cikin zafin nan har in idar. Na yi na yi ya daina, ya ce ai mai magana da Ubangiji ba a zauna masa a gefe ana tari. Shi ma in an kawo abinci sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, mu kuma mu jira shi.

Washegari da gida ya watse, ya fito da wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, da takardar gayyata. Ya miƙo min takardar, ya nuna wani layi da yatsa.

"Karanta min nan, ko idona ne."

Turancina na sakandare ne, wanda ya isa in karanta takardar magani da saƙon makarantar yara. Amma wannan layin ba shi da wuya. Na ce, "Baba, cewa suka yi kowane mai magana minti uku gare shi. In ya cika za a kashe makirufo."

"To ba idona ba ne."

Shafi goma sha ɗaya ya rubuta, da jan biro da shuɗi. Ya ce in duba masa agogo. Na ɗauko wayata na buɗe agogon da nake sa wa shinkafa, ya miƙe tsaye a tsakiyar falo, ya gyara tabarau, ya fara. Murya ce ta wanda ya saba da filin asambuli. Na ga dattijon nan ya ƙara tsawo a idona. Da ya kai ƙarshe na duba, minti goma sha bakwai.

Ya zauna a hankali. "Shekara nawa muna wannan kukan, 'yata, a ce in zuba shi a cokalin shayi."

Haka muka wuni muna yanka. Shi yana karantawa, yana fassara min inda Turancin ya fi ƙarfina, ni ina danna agogo. Shafin farko duk gaisuwa ce: ga shugaban taro, ga wakilai, ga 'yan'uwa 'yan asalin ƙasa na kowace nahiya, ga dattawan da suka aiko shi. Na biyu bayanin sunansu ne da yadda ake faɗarsa. Daga nan tarihi, gonaki, rafi, makarantar da ya koyar shekara da shekaru wadda yanzu wurin wankin motoci ne. Sai a shafi na ƙarshe ya zo kan maƙabarta. A nan Turancin ya sauko, har ni na gane ba tare da fassara ba. Ya ce matarsa tana can, ya bar wa kansa wuri a gefenta, abin da yake roƙo kawai a bar matattu inda suke.

Duk abin da ya soke da jan biro sai ya ɗan tsaya a kansa tukuna. Da muka zo kan rafin ya ce, "A nan aka yi min baftisma." Sannan ya ja layi.

Rana ta biyu Sista tana hutu, muka fita mu uku neman masa rigar sanyi, domin kwat ɗin da ya zo da ita ta sha jiki.

"Baba, wannan kwat ɗin ai da ita aka ɗaura aurenku da Mama."

"Ƙarya kike. Ta aure tana gida, wannan sabuwa ce. Kina aji uku na saye ta."

"Ka ji ko, Maman biyu? Sabuwa ce fil."

A Al Sabkha ya ba mu dariya. Mai shagon da muka shiga yana ta "yalla Baba, kalas, kalas", wato a yi sauri a gama, shi kuwa ya tsaya sai ya gaishe shi, ya tambaye shi garinsu, da iyali, da ko ana ruwa a can. Mutumin ya rasa yadda zai yi, ƙarshe ya jawo masa kujera ya aika a kawo shayi. Sista ta raɗa min, "Haka yake. Ko ɗan sanda ne ya tare shi sai ya tambaye shi ya yara."

A hanyar dawowa a bas, yana gefen taga, sai na ga ya dafa gilashi. Wata doguwar katanga ce muke wucewa, wadda na wuce ta ba adadi ban taɓa kula ba. Ta saman katangar ana hango fili fetal, yashi da 'yan duwatsu a jere, ga benaye sun kewaye shi ta ko'ina.

"Wancan fa?"

Na ce, "Tsohuwar maƙabarta ce, Baba."

"A tsakiyar gari?"

"E."

Ya bi ta da kallo har wuyansa ya juya. "Dubi titin," in ji shi. "Titin ne ya kauce musu."



Abin da ya sa na zauna rubuta wannan a rana ta uku ya faru. Mun rage jawabin ya dawo minti huɗu da 'yan daƙiƙai. Tun da asuba nake juya abu ɗaya a raina. Na ga cewa abin da ya taso da dattijon nan tun daga Najeriya yana can ƙarshen takarda, bayan gaisuwa, bayan suna, bayan tarihi. Ni mai girki ce, na san abin da aka bari a ƙarshen wuta shi ne yake ƙonewa ko ya ƙi nuna. In ya yi tari, in tabarau ya zame, in wani ya katse shi, shi ke nan.

Na ce, "Baba, da za ka ji shawarata, da ka ɗauko maganar Mama ka sa ta a farko. Ka buɗe baki da ita."

Ya dube ni ta saman tabarau. "In shiga gidan mutane ba sallama?"

"Ka yi sallamar a layi ɗaya."

"Dattawa goma ne suka sa min hannu a kai. In tsaya gaban duniya ban ambace su ba? Kuma ai ba a fara wa baƙo da kabari, 'yata. Sai ya san wane ne kai tukuna, sannan ya san wa ya mutu maka."

"Wallahi Baba mutanen nan ba su da lokacin wannan. Ka gani fa, ko mai shagon jiya. Ka bar dogon Turancin nan, ka yi musu gwari-gwari kawai, ka ce ga abin da..."

Ban ƙarasa ba. Ba wai ya yi wani abu ba ne. Biron da ke hannunsa ne kawai ya tsaya. A cikin shirun nan na ji kalmar ta dawo min kunne, na ji ta karon farko a rayuwata.

Tun ina yarinya nake faɗarta. Malamin lissafinmu yana faɗa, mahaifiyata tana faɗa, mai wa'azi a rediyo yana faɗa. Bari in yi maka gwari-gwari, wato in warware maka dalla-dalla yadda ko marar fahimta zai gane. Ban taɓa tsayawa na ji cewa akwai mutane a cikin kalmar ba. Ga shi ɗaya daga cikinsu yana zaune a kan kujerata, da doyarsa a kicin ɗina.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Har da ɗan murmushinsa.

"Ai ni tun da aka haife ni shi nake yi."

"Baba, don Allah..."

"A'a, zauna. Na san ba da nufi ba ne. Da nufi ne da ya fi sauƙi." Ya mai da tabarau. "Shekarun baya mun je wani ofis, mu bakwai, duk da furfura. Muka wuni a benci. Da aka shigar da mu, wani jami'i ne, sa'an ɗana na biyu. Na karanta masa kokenmu da Turanci, shafi uku. Ya bari na gama, sai ya juya harshe ya ce, 'To Baba, bari in yi muku gwari-gwari. Ƙasar nan ba taku ba ce.' Abokan aikinsa suka yi dariya. Shi ma bai san ya faɗi wani abu ba, sai da ya ji dariyar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, har ya ƙara da cewa in ba a gida ba ina mutum zai yi tuntuɓen harshe. Na tashi na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Da na fito na tarar ya ci gaba da yanka shi kaɗai. Ya rage manyan kalmomin, ya taƙaita tarihin. Amma jerin yana nan yadda yake: gaisuwa, suna, tarihi, sannan maƙabarta. Shafin sunan ma sai da ya ƙara masa layi ɗaya. Na gani, na kuma san dalili.

Ya miƙe ya karanta. Minti uku ba daƙiƙa biyar.

"To 'yata, ya yi?"

Na san bai yi ba. Daƙiƙa biyar ba rata ba ce. Maganar da na fara da safe tana nan a bakina, kuma gaskiya ce, kalmar da na haɗa ta da ita ce kawai ta ɓata ta. Amma da wane bakin zan sake cewa ya rage bayanin sunansu? Ni da na gama nuna masa dalilin da ya sa yake yin bayanin?

Na ce, "Ya yi, Baba."

Sau shida ya maimaita a ranar, sau shida ina danna agogo ina cewa ya yi.

Ranar da zai tafi ya sa wa 'yan biyu albarka, ya riƙe hannun maigidana da hannu biyu ya daɗe. Ni kuma ya ce min, "Malamar agogo, a yi mana addu'a." Na ce in sha Allahu. Na kuwa yi, a kowace sujada.

Ana nuna taron kai tsaye a intanet. Ranar da aka ce zai yi magana Sista ta yi musanyen aiki da wata, ta zo da wayarta muka jingina ta da fulas ɗin shayi a kan tebur. Bayan azahar ne a wajenmu. Wani makeken zaure ne, kujeru a jere kamar rabin faranti, mutane da abin ji a kunne. Mun ga masu hular gashin tsuntsu, da mata masu jajayen riguna da aka yi wa ado da ɗinki, da wasu da zane a haɓa. Kowa ya tashi ya faɗi nasa: wannan daji, wannan kogi, wannan unguwa a cikin birni. Wasu wakilan kuwa suna ta danna waya. Na ce ashe abin ba a kanmu kaɗai ba ne. Sista ta ce, "A kanmu wa?" Na mai da idona kan wayar.

Can sai matar da ke shugabantar zaman ta yi wata magana da sauri. Ban kama ba, amma na ga Sista ta dafe kai.

"Me ta ce?"

"Wai masu magana sun yi yawa, lokaci ya ƙure. An mai da shi minti biyu."

Mutum uku aka kira, sannan shi. Ya miƙe cikin sabuwar rigar sanyin, ta yi masa yawa a kafaɗa. Wata 'yar jar fitila ta kama a wuyan makirufo. Ya gyara tabarau. Ya gai da shugaba. Ya gai da wakilai. Ya gai da 'yan'uwa na kowace nahiya, ya ambaci dattawan da suka aiko shi. Sista tana dukan cinyarta tana cewa, "Baba wuce, Baba wuce, don Allah wuce." Ya faɗi sunansu, ya maimaita shi a hankali yadda za su iya faɗa. Muryarsa ba ta rawa ko kaɗan. Ya faɗi gonaki. Ya juya shafi. Na ji ya ce, "Matata..."

Jar fitilar ta mutu.

Bakinsa ya ci gaba da motsi. Bai sani ba, ko kuwa ya sani, Allah kaɗai ya san wannan. Muna kallonsa yana karanta shafin ƙarshe ga zauren da ba ya jin sa, yatsansa yana bin layi. Shugabar ta ce ta gode, ta kira suna na gaba. Kyamara ta bar shi ta koma kan wani.

Sista ba ta yi kuka ba. Ta kifa wayar a kan tebur, ta zauna tana kallon bango. Ni ce na yi kukan, har ta koma tana ba ni haƙuri. A nan na gaya mata komai, da shawarar da na fara, da kalmar, da shirun da na yi bayanta. Ashe bai gaya mata ba.

Ta ce, "Ko kin faɗa sau goma ba zai canza ba. Ba ki san shi ba ne."

Wataƙila haka ne. Amma da na faɗa ya ƙi, da da sauƙi.

Da zai koma gida bai fito gari ba, awa uku kawai ya yi a filin jirgi, ya kira mu daga can. Muryarsa garau. Ya ce an tafa masa. Ya ce wata tsohuwa daga ƙasar ƙanƙara ta zo ta riƙe hannunsa, ba ya jin yarenta ba ta jin nasa, suka tsaya haka. Ya ce wani matashi mai kati a wuya ya karɓi kwafin jawabin gaba ɗaya, ya ce za a sa a cikin rahoto, za a kuma rubuta wasiƙa.

"Kin ga ai ba a yi asara ba," in ji shi.

Sista ta ce, "Baba, tafi ba ya tsayar da katafila."

"Ke dai ba ki da haƙuri, kamar uwarki. Ba ni malamar agogo." Da na karɓa ya ce, "'Yata, agogonki ya fi nasu tausayi."

Ko an rubuta wasiƙar, ko ba a rubuta ba, ba mu sani ba. Damina ɗaya ta wuce turakun suna nan ba abin da ya faru, har muka fara cewa ko an ji kunyar. Da rani ya shigo aka kewaye wurin da kwanon rufi, aka sa ƙofa da maigadi. Ƙanin Sista ya turo mata hoto: saman ɗorawar kawai ake gani. Daga baya ita ma ba a ganin ta. Ya ce Baba kowace Lahadi in an taso daga coci sai ya je ya tsaya a bakin kwanon, ya gai da maigadin, ya tambaye shi ya iyali, ya ɗan jima, ya dawo. Ba a daɗe ba su ma sauran gidajen aka tashe su, ya koma sabon matsugunin wajen ɗansa. Daga can zuwa maƙabartar kuwa sai an hau mota biyu.

Sai korona ta zo. Aka rufe filayen jirgi, nan da can. A Dubai ko kanti za ka sai ka nemi izini a waya. Maigidana ya dawo zaman gida, yara suna karatu a kwamfuta. Sista kuwa aikinta ninkuwa ya yi. Takunkumi ya yi mata shaida a kan hanci. Ta daina shigowa wajenmu gaba ɗaya, ta ce ba za ta ɗauko wa 'yan biyu ciwo ba. In na yi abinci sai in ajiye a bakin ƙofarta in ƙwanƙwasa in koma.

A cikin wannan kullen ne Baba ya rasu. Ba cutar ba ce. Ƙaninta ya ce ya karya kumallo, ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa min ta koma bakin ƙofarta. Ina buɗewa na gani a fuskarta. Na yi salati, na taka zan nufe ta, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Maman biyu. Jiya a ɗakin masu cutar na wuni."

Na zauna a dokin ƙofata, ta zauna a nata, faɗin baranda a tsakaninmu. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, Allah ya albarkaci bayansa. Ta ce amin. Ta ce ƙaninta ya je wajen maigadin tun jiya, ya roƙa, ya ce ko a gefen katanga ne. Maigadin ya buɗe masa ƙofa ya leƙa. An zuba kankare, har an fara ɗora bulo. Ko dutsen an fasa gefensa. Ya ce ya tsaya ya rasa ta ina ma Mama take.

Bayan azahar a agogonmu aka yi jana'izar, a sabon matsugunin. Ƙanin ya kira ta da bidiyo. Ta riƙe wayar ta ɗan karkato ta yadda zan hango daga inda nake. Mutane kaɗan ne saboda doka, kowa da takunkumi. Jar ƙasa ce, fili sabo, ko itace ɗaya babu. Kaburbura biyar ko shida na ƙirga a wurin, nasa ne a ƙarshen layi. Fasto ya yi addu'a, mata suka ɗauki waƙa da yarensu, hoton yana tsayawa yana tafiya. Sista tana bin waƙar a hankali, muryarta tana karyewa. Hannuna yana ta miƙewa da kansa ina mai da shi.

Da aka fara tura ƙasa sai layin ya yanke. Ba ta sake kira ba.

Muka zauna. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maman biyu, ku a wajenku, in an binne mutum nesa da matarsa, suna samun juna?"

Ni ba malama ba ce, kuma na ji tsoron in faɗi abin da ban sani ba a kan lamarin Allah. Na ce mata abin da na sani kawai: ƙasar duk tasa ce, da wadda aka gina da wadda ba a gina ba, kuma ba wanda yake ɓace masa a cikinta.

Ta ce, "To."

Ta goge fuskarta da bayan hannu, ta duba wayar. Ta ce motar asibiti ƙarfe huɗu take zuwa, ba wadda za ta karɓe ta yau. Na ce ta tsaya in zubo mata abinci. Ta ce in ajiye a bakin ƙofa, in ta dawo za ta ɗauka.